Sarkin da Malam Yake Ba Ni Labarinsa a Mota

Da Malam ya zo neman aurena, babana ya tambaye shi karatun me yake yi a Amurka, ya ce tarihi. Babana ya ji daɗi, ya ɗauka tarihin sarakunanmu ne ake koya wa Turawa. Ni ma haka na ɗauka, sai da na iso Lanham a farkon shekarun dubu biyu, na shiga ɗan gidan hayar da yake zaune a hawa na biyu. Littattafai ne har ƙarƙashin gado, kuma kusan kowanne da hoton jirgin ruwa a bayansa, dogo, siriri, mai kan dodo a goshi.

Na ce, "Malam, waɗannan fa na mene ne?"

Ya ce, "A kan wani sarkin Viking nake rubutu."

Na ce, "Sarkin bikin wa?"

Ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Da ya huce ya yi min bayani: mutane ne na can ƙuryar arewacin Turai, Norway da maƙwabtanta, shekaru wajen dubu da suka wuce. Gwanayen tuƙa jirgi ne, wani lokaci su yi fatauci, wani lokaci su kai hari. Shi Larabci ya karanta a gida. Wata rana wani malaminsu ya nuna musu hoton dirhami na azurfa da aka tono a waɗancan ƙasashen na ƙanƙara, da kalmar shahada a jikinsu, ana iya karantawa sarai. Malam ya ce tun daga ranar tambaya ɗaya ta hana shi sakat: me ya kai su can? Ya bi sawun dirhamin ya tarar da mutanen, cikin mutanen kuma ya tarar da wannan sarki, bai ƙara rabuwa da shi ba.

'Yan uwanmu na nan ba su taɓa gane abin da yake yi ba. Likitoci da injiniyoyi in an haɗu wurin suna sai su tambaye shi cikin ladabi ko akwai aiki a wannan fanni. Direbobin tasi 'yan Nijar da suke sallar Juma'a tare kuwa suka sa masa Sarkin Ruwa. Shi da ko iyo bai iya ba. In sun kira shi haka sai ya ɗaga hannu ya amsa musu kamar gaske.

A mota na san sarkin. Na shiga makarantar koyon aikin jinya, ban iya tuƙi ba, don haka kullum da safe Malam ne yake kai ni. Babban titin da ya zagaye birnin ba ya rabuwa da cunkoso, mota ta yi ta jan ciki. Ni kuwa a lokacin kewar gida ta ishe ni, sai in jingina kai da gilashi in yi shiru, wani sa'in hawaye ya zubo. Malam ba gwanin rarrashi ba ne. Abin da ya iya shi ne labari, sai ya fara.

Ya ce sarkin yana yaro ɗan shekara goma sha biyar aka fita da shi yaƙi a bayan wansa, wanda suke uwa ɗaya. Wan shi ne sarki a da, aka kore shi, ya dawo neman sarautarsa. Aka kashe wan a fagen, aka ji wa yaron rauni. Wasu suka ɗauke shi suka ɓoye a gidan wani manomi can cikin daji, har ya warke, sannan ya tsallake duwatsu ya bar ƙasar.

Na ce, "Uwarsa fa?"

Ya ce, "Masu rubutun ba su damu da ita ba bayan nan. Ban san ko ta sake ganinsa ba."

Washegari ya ɗora daga inda ya tsaya. Yaron ya yi gabas, ya sauka wurin mai mulkin Kiev ya zama sojansa. Daga nan ya bi kogi ya gangara kudu har birnin da yanzu ake kira Istanbul, ya shiga cikin dogaran sarkin Rum. Ya yi musu yaƙi a tudu da cikin teku, ya zama shugaban rundunar, yana tara dukiya yana aikawa da ita Kiev a ajiye masa. Da ya ji lokacin komawa gida ya yi, aka hana shi tafiya, har aka tsare shi. Ya kuɓuce da mutanensa cikin jirage biyu. Amma an gicciya wata ƙatuwar sarƙa a bakin mashigin ruwan. Sai ya ce kowa ya koma bayan jirgi da kayansa, goshin ya ɗaga ya hau kan sarƙar, sannan ya ce kowa ya ruga gaba, jirgin ya rinjaya ya faɗa ɗaya ɓangaren. Ɗaya jirgin bai yi sa'a ba, ya dare biyu a kan sarƙar.

Malam yana ba da wannan yana sakin sitiyari yana kwatantawa da hannu biyu, ina cewa, "Don Allah riƙe motar nan, kada mu ma mu dare biyu." Wannan ɓangaren ya fi so. Ya maimaita min shi ban san adadi ba, kuma kullum sai ya kai inda sarkin ya auri 'yar mai mulkin Kiev, ya loda zinariyarsa ya nufi gida bayan shekara goma sha biyar, sai ya tsaya. In na ce to da ya isa fa, sai ya ce, "Ya yi sarauta. Sauran ba daɗi."

Kowane ƙarshen mako muna kiran Inna, mahaifiyarsa. A lokacin kati ake saya a kantin wani ɗan Ghana, a kankare, a yi ta danna lambobi. Ba ta da waya, sai an kai mata ta maƙwabta. Bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Yaushe za ka gama ka dawo?" Shi kuma amsarsa ɗaya: "Saura kaɗan, Inna."

Ya gama. Muka sa masa babbar riga a ƙarƙashin rigar digiri, aka yi hotuna aka aika gida. Amma aikin dindindin bai samu ba. Ya yi ta rubuta takardar neman aiki, ana kiransa ana yaba masa, sannan a ɗauki wani. Sai ya koma koyarwar wucin gadi a kwalejoji uku, nan da safe, can da rana, wata da yamma, ya yi ta yawo a titi da robar abinci a kujerar baya. Ni na gama nawa karatun na samu aiki a asibiti, na koyi tuƙi a hannunsa a filin fakin na wani kanti. Allah Ya ba mu mace, sannan namiji. Muka sayi ɗan gida a Bowie mai ɗaki a ƙasa, Malam ya kafa kantoci a bango guda cif ya jera littattafansa. Amsar da yake ba Inna ta sauya, ta koma, "Bari yaran su ɗan yi wayo."

Sau ɗaya ya je gida da niyyar zama. Wata jami'a ta kira shi ganawa, muka yi shawara in ya samu sai mu bi shi daga baya. Ya sayi atamfofi da turare da maganin ciwon gwiwa na Inna, ya tafi yana ta zumuɗi kamar yaro. Bayan 'yan makonni na je ɗauko shi filin jirgi, na ga mutum ya fito ya rame, yana jan akwati a hankali.

Sai da muka hau titi ya yi magana. Ya ce sun karɓe shi hannu bibbiyu, sun ce za su ɗauke shi, amma ya ajiye zancen mutanen ƙanƙara ya koyar da abin da ake buƙata. Ya ce wannan bai dame shi ba, suna da gaskiya. Abin da ya dame shi gida ne. An raba gidan mahaifinsu an ja katanga a tsakiya. Ɗakinsa na samartaka ɗan babban wansa Yaya ne a ciki da amaryarsa. Bishiyar darbejiyar ƙofar gida an sare. Yara suna bin sa suna cewa ga Ba'amurke. In ya zauna majalisa sai hira ta canza, a yi ta yi masa bayanin abubuwa kamar baƙo, wani ma ya ce Hausarsa ta tsufa, irin ta mutanen da ce.

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce, "Ta shafa kaina ta ce na yi furfura ba da saninta ba." Ya juya yana kallon waje. "Na ce mata zan koma in shirya in dawo. Ta ce to. Ba ta tambaye ni yaushe ba."

Bai karɓi aikin ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Ya bar maganar har ta mutu da kanta.

Ciwon ya fara da hawan jini, wanda ya daɗe yana wasa da maganinsa duk da matarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ƙafafunsa suka fara kumbura, ya riƙa gajiya a kan matakala. Da aka yi gwaji aka ce ƙodojin sun tafi. Na ce a ɗauki tawa ɗaya, aka gwada, ba ta dace ba. Aka sa sunansa cikin masu jiran dashen ƙoda, aka fara yi masa wankin ƙoda sau uku a mako a wata cibiya ta wajen Beltsville. Ya ajiye kwaleji biyu ya riƙe ɗaya. Na sauya lokacin aikina don in riƙa kai shi, domin in an gama jiri yake ji. Sai ya zama ni ce a sitiyari, shi ne a gefe, jingine da gilashi.

Wata safiya ina tuƙi, shirun ya yi min yawa, na ce, "Malam, ka fa ƙi ba ni sauran labarin nan. Da ya isa gida me ya faru?"

Ya ce, "Na gaya miki ba daɗi."

"Ba ni a haka."

Ya gyara zama. Ya ce da ya isa ya tarar ɗan wansa ne a kan karaga, saurayi wanda mutane suke so. Suka kusa yaƙi, sannan aka daidaita: shi ya raba zinariyarsa biyu, saurayin ya raba mulki biyu. Ba a daɗe ba saurayin ya rasu, ƙasa ta zama tasa shi kaɗai. Ya yi kusan shekara ashirin yana mulki. Ya buga kuɗi da sunansa, ya gina majami'u, ya kafa gari. Amma bai iya zama da mutanensa ba. Ya saba da fadar Rum inda sarki in ya yi magana ba mai ɗaga kai, ya dawo cikin manoma da manyan gari waɗanda suka saba gaya wa sarki gaskiya ido da ido. Wanda duk ya musa masa sai ya kawar da shi. Akwai wani dattijo mai faɗa a ji, ya kira shi sulhu, ya sa aka kashe shi tare da ɗansa. Yankin da ya ƙi biyan haraji ya ƙona gidajensa. Kusan kowace shekara in ƙanƙara ta narke sai ya ɗau jirage ya tafi yaƙar Denmark, shekara da shekaru, ƙarshe aka yi sulhu kowa ya riƙe abin da yake da shi tun farko.

Na ce, "Ashe mugu ne. Duk shekarun nan kana sa ni ina tausayinsa."

Ya ce, "Mugu ne. Ina saurayi ban so in ga wannan ba, yaron da ya tsallake sarƙa kawai nake gani. Yanzu kuwa wannan nake ta dubawa. Shekara goma sha biyar yana mafarkin gida, ya samu gidan, ya kasa kwana a cikinsa."

Muka iso, na shiga neman wurin fakin kusa da ƙofa.

A shekara ta biyu da fara wankin Yaya ya kira ya ce Inna ba lafiya, ta daina cin abinci. Malam ya tashi haiƙan. Ya samu wani likita abokinsa a gida ya shirya masa inda za a riƙa yi masa wankin a can. Sai wurin da ake sa masa allura a hannu ya kumbura ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Likitarsa ta ce ba inda za shi sai ya gama magani. Ya roƙe ta, ta ce in ya hau jirgi a haka ba lallai ya sauka da ransa ba. Ya haƙura, ya ce in ya gama sai ya tafi. Kullum ya kira a sa wa Inna waya a kunne, yana cewa, "Ina nan tafe, Inna," ita kuwa sai numfashi.

Ranar muna cikin mota a gaban cibiyar, na kashe inji ke nan, wayarsa ta yi ƙara. Na ji muryar Yaya daga inda nake. Malam ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita. Ya tambayi yaushe za a kai ta, aka ce bayan la'asar, ga shi can ana ta haɗa ta. Ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Yaya, ka tsaya min a kanta." Ya ajiye wayar a cinya.

Na ce, "Mu koma gida, in kira su a ɗage zuwa gobe."

Ya ce, "In na koma gida me zan yi? Mu shiga, suna jira na."

Muka shiga. Ma'aikaciyar ta gaishe shi da fara'a kamar kullum, ta auna shi, ta jona masa robobi. Ban taɓa zama ba, kullum ajiye shi nake in dawo, amma ranar na roƙi kujera. Na'urar tana ta juya jininsa, talabijin a sama ana wasan kacici-kacici mutane suna tafi. Ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Can ya ce min, "Yanzu sun fito da ita." Da aka jima ya ce, "Yanzu ana sallah." Hawaye yana gangarowa yana shiga kunnensa, hannun da zai share da shi an ɗaure, ɗayan kuma ina riƙe da shi.

Bayan rasuwar Inna bai ƙara zancen tafiya gida ba. Ya ci gaba da koyar da ajinsa ɗaya, a zaune. Ƙarshen labarin sarkin shi ya kawo shi da kansa, wata rana muna dawowa ganyaye sun yi ja sun fara zuba. Ya ce sarkin yana da shekara hamsin ko sama da haka kaɗan ya ji karagar Ingila ta zama abin jayayya, ya tara jirage masu yawa ya tafi nema. Ya ci yaƙin farko. Bayan 'yan kwanaki aka tashi da rana mai zafi, shi da mutanensa suka bar sulkensu a jirage suka tafi karɓar mubaya'a, ba su san sarkin Ingila ya taho da runduna cikin gaggawa ba. Sai ƙura suka hango da ƙyallin makamai. Aka gwabza, kibiya ta samu sarkin Norway a maƙogwaro. Mutanensa kaɗan ne suka koma. Sai bayan shekara aka ɗauko gawarsa aka kai ta gida.

Ya ce, "Ni kam kada ki wahalar da kowa. Inda na faɗi, nan za a sa ni."

Na ce, "Ka daina irin wannan magana, kiran ƙoda zai zo."

Ya ce, "Allah Ya sa. Amma kin ji dai."

Kiran bai zo ba. Cikin sanyin shekarar zuciyarsa ta tsaya, a gida, bayan sallar azahar, ina kicin ina dama masa kunu. Na yi masa duk abin da na iya kafin motar asibiti ta iso. Na san ya tafi tun kafin su faɗa.

Direbobin nan da suke ce masa Sarkin Ruwa su suka yi komai. Suka ajiye aiki, suka yi masa wanka, suka jera motocinsu a bayan gawa har maƙabartar Musulmi. Ƙasa ta daskare, da mota aka haƙa kabarin. Matansu suka cika min gida da tukwane, suna yi min gaisuwa da Hausarsu ta Maraɗi da Damagaram. Yaya ya kira yana kuka, ya ce da ma ko sau ɗaya ya zo ya ga inda ƙaninsa ya zauna.

Bayan na fita takaba na daɗe ban sauka ɗakin ƙasa ba. Da na ga gidan ya fi ƙarfina ni kaɗai, na yanke shawarar sayarwa mu koma ƙarami. Littattafan suka zama abin tunani. Yawancinsu da harsunan da ba wanda ya iya a cikinmu, ɗakin karatun unguwa kuma suka ce ba su da masu karanta su. Ƙarshe wani tsohon Bature da suka yi koyarwa tare ya ce zai karɓa ya raba wa ɗalibai. Ya zo da 'yar motarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Ya tsaya gaban kantocin ya daɗe, yana zaro wannan yana mayarwa. Ya ce Malam ne kaɗai mutumin da ya sani da yake karanta tsohon harshen nan da ƙarfi kamar mai karatun allo, yana rangaji. Sawu uku ya yi kafin ya kwashe.

Da aka cire kantocin sai ga bangon ya yi layi-layi, inda littattafai suka tsare fari tas, sauran ya dafe. Dillaliyar gidan ta ce sai an yi fenti kafin masu saye su fara zuwa. Ranar Asabar na sayo bokiti ɗaya da buroshi biyu, ni da 'yata muka shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa. Tana da shekara goma sha uku a lokacin, ina yi mata Hausa tana amsa min da Turanci. Muna cikin yi ta tambaye ni ko Baba ya taɓa zuwa Norway ɗin nan kuwa.

Na ce, "Bai taɓa ba."

Ta tsaya da buroshi a hannu, fenti yana ɗiga a kan jarida. Ta ce, "Ko sau ɗaya?"

Na ce, "Ko sau ɗaya. Kula, kina ɓata ƙafarki."

Muka ci gaba. Sai da muka yi shafe biyu kafin layukan su ɓace, muka buɗe taga don wari, muka hau sama na ɗora abincin rana.